Sandar Fitilar Mai Hoto

A unguwar Kwararafa cikin garin Jos, ba nisa da inda samari kan yi layi a da don shiga silima, akwai wani dattijo mai ɗaukar hoto wanda ya haura shekara 40 yana sana'arsa. Garin kuwa ba baƙon wannan aiki ba ne. A nan aka fara nuna talabijin mai launi a Nijeriya cikin 1975, a nan kuma aka ajiye hedkwatar Hukumar Fina-finai ta Ƙasa wadda aka kafa cikin 1979. Amma shi dattijon nan bai zauna a aji ba, wurin maigidansa ya koya, yana wanke hotuna a ɗaki mai duhu.

Da ƙarfi ya fara ja da baya, sai ya danƙa wa ɗansa shagon. Yaron ya ce lalle sai sun sayi sandar nan da masu sana'ar ke kira bum, watau wadda ake gittawa a kan turke mai ƙafa uku, a rataya fitila a bakinta, ta tsaya bisa kan wanda ake ɗauka. Hujjarsa kuwa mai ƙarfi ce. Hasken da ya sauko daga sama ta gaba yakan fito da kyan fuska, ya bar 'yar inuwa ƙarƙashin hanci. In kuwa aka mai da shi ta baya, sai ya raba baƙin gyale da labulen bango. Turke kawai ba ya iya wannan ba tare da ya shigo cikin hoton ba.

Yaron ya nuna wa uban wata a waya, ta alminiyam, mai araha. Ya ce, "Baba, wannan ta kai mita 2, kuma mutum ɗaya ya isa ya ɗauke ta zuwa gidan biki."

Dattijo ya yi shiru, domin ya tuna abin da bai taɓa gaya wa ɗan ba. Tun yana yaron shago, wata ranar Salla, ya ɗaure fitila mai wat 500 a jikin gora da waya, ga shago maƙil da yara. Gorar ta zame, ƙwan ya fashe, kwalba mai zafi ta yanki wata yarinya a goshi. Uwar ba ta kai ƙara ba, amma daga ranar ba ta sake taka shagon ba, ita da matan layinsu duka. Yarinyar nan yanzu har ta yi jikoki, kuma duk ran da suka gamu a hanyar Masallacin Juma'a, tabon yake fara gani kafin fuskar.

Can sai ya ce, "Kai ɗan nan, tsawonta ka gaya mini. Nauyin da take iya ɗauka fa?" Ya ɗauko alli ya yi masa lissafi a bayan ƙofa. Fitila mai kilo 3, in ta yi nisan mita 2 daga turke, sai an rataya kilo 12 a wutsiya mai rabin mita kafin ta daidaita, ban da nauyin sandar kanta. Wannan kaya duka kuwa a kan maƙulli ɗaya yake. In na roba ne, ran da ya lashe ba zai yi sallama ba.

Saboda haka ya gindaya sharuɗɗa. Sandar ta zama ta ƙarfe, maƙullinta ma na ƙarfe mai haƙora. Turken ya zama mai faɗin ƙafafu, a sa ƙafa ɗaya ta fuskanci inda sandar ta miƙa, a danne gindin da buhun yashi. A ƙara ɗaure fitilar da sarƙa, ko da ƙusa ta kwance. Kada kuma a taɓa zare sandar har iyakarta, tun da shagon ma ƙarami ne.

Wadda ta cika sharuɗɗan nan ta ninka waccan kuɗi, sai da suka yi wata uku suna tari. Salla ta zo ta wuce ba su da ita, yaron yana ta ƙunƙuni ganin maƙwabta sun kwashe ciniki. Uban bai ce masa kome ba sai, "Araha ba ta ado."

Ran da sandar ta iso, dattijo da hannunsa ya ɗinka buhu biyu, ya cika su da yashin rafin Dilimi. Amarya ta farko ta zauna ƙarƙashin fitila, hoto ya fito kamar yadda yaron ya yi alkawari, uban kuwa yana tsaye dafe da turke har aka gama. Da daren nan, suna rufe shago, ya ba ɗan labarin tabon. Ya ce wanda ya zauna a kujerar mai hoto ba ya duban sama, domin an ce masa ya dubi kyamara, saboda haka abin da ke bisa kansa amana ne a wuyan mai shago. Yaron bai amsa ba. Ya koma ciki ya sake taɓa maƙullin, sa'an nan ya kashe wuta.