Ƙunda tukuna, kibiya daga baya

Jama'a, manoma da makiyaya, kaka ta yi. An yanke hatsi, an ɗaure, an zuba a rumbu. Yanzu ne yara ke samun sarari. Duk garin da mutum ya shiga, daga Gazawa zuwa Agye har Gidan Rumji, zai tarar da su a bayan gari da ƴan bakunkuna na reshen geza da igiyar rama, suna bin ƙadangaru da kurciyoyi. Babu wanda ya koya musu. Wasu sun ɗaura ƙusa a kan kara, wasu sun wasa wayar keke. Manya na wucewa suna dariya, suna cewa wasan yara ne. Amma ƙusa ba ta san wasa ba.

A wani ƙauye na ƙasar Gobir, tsakanin Tsibiri da Gidan Rumji, akwai wani tsoho mahalbi. Halbi gadon gidansu ne. Lokacin da Sarkin Gobir Mayaƙi ya kafa Tsibiri, wajen shekarar 1836, manyan sarauta ne ke bisa dawaki, talakawa kuwa a ƙasa suke yaƙi da kwari da baka. Kakannin tsohon nan suna cikin waɗannan ƴan baka. Yaƙi ya wuce, baka ya koma na neman nama. Ɗansa bai ɗauki sana'ar ba, noma yake yi da ƴar tireda. Sai ga jika mai shekara 9 ya fara satar kallon kwarin da ke rataye a ɗaka. Wata rana kakan ya kama shi yana wasa ƙusa a kan dutse. Bai buge shi ba. Ya karɓe ƙusar, ya ce: "Abokina, in baka kake so, ni zan yi maka. Amma sai yadda na ce."

Aikin farko neman icce ne. Bakan tsohon na dargaza ne, icce mai tauri mai lanƙwasa, ba ya saurin karyewa. Da can yana fita bayan gari zai sare. Yanzu dajin ya zama gonaki, abin da ya rage kuma farin 1973 da na 1984 sun cinye, gatari ya ƙarasa. Sai da ya aika wa wani ɗan'uwansa a ƙasar Agye. Can manoma sun daɗe da kama sassaben zamani, wato barin tohon itatuwa a gona ana yi musu aski maimakon a tumɓuke su. Garin Ɗan Saga ya yi suna a kan wannan aiki. Daga can aka kawo masa reshe miƙaƙƙe marar gaɓa, kaurin babban yatsan ƙafa. Ya ɓare shi, ya fere bakin biyu, ya gasa shi sama-sama a wuta ya lanƙwasa, ya ajiye a inuwa ya bushe, yana shafa masa man shanu. Yaron kullum sai ya leƙa. Wata guda cur yana jira.

Ga yadda tsohon ke auna bakan yaro. A kafa shi a ƙasa, kada ya wuce haɓar yaron. Sannan yaron ya ja tsarkiya har kumatunsa, ya riƙe, ya ƙidaya daga 1 zuwa 10. In hannu ya yi rawa, ko ya karkata baya yana cije leɓe, bakan ya fi ƙarfinsa, sai a ƙara fere shi. Iyaye da yawa suna son ɗansu ya ɗauki babban baka don a ce jarumi ne. Kuskure ne. Yaron da ke kokawa da bakansa ba ya ganin abin da ke gabansa, neman sakin tsarkiya kawai yake yi ya huta.

Tsarkiyar manya fata ce ake yankawa siririya, a jiƙa, a murɗe. Ta yaro rama ta isa. Yaran yanzu zaren buhu suke murɗawa, tsohon kuwa ba ya son ganinsa. A nan dai taurin kai ne irin na tsofaffi, don zaren buhu bai damu da raɓa ba, fata kuwa tana jin danshi sai ta saki. Ya ɗinka wa yaron ƴar fata a hannun hagu saboda dukan tsarkiya. Ya kuma gargaɗe shi kada ya taɓa jan baka ya saki babu kibiya a kai, haka baka ke tsagewa.

Sai maganar kibiya, nan ne abin yake. Kibiyar Bahaushe ƙarfe ne da kyauro. Kyauro ciyawar fadama ce mai kara siriri. Maƙeri ke ƙera ƙarfen, ya fitar masa da kunne, a soka a kyauro a naɗe da jijiya. Kunnen nan shi ke hana ta fita in ta shiga. Ba a sa mata gashin tsuntsu a gindi kamar yadda wasu ƙasashe ke yi, saboda haka ba ta tafiya nesa a miƙe. Shi ya sa mahalbin ƙasar nan gwanin sanɗa ne. Yakan ɗaura kan burtu a goshi, ya durƙusa yana tafiya yana kaɗa kai kamar tsuntsun, har ya kusanci nama. Iska kuma sai ta bugo fuskarsa, don in ta bi bayansa ta kai wa naman warinsa.

Yaron bai samu ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Ƙunda aka yi masa, wato kibiya marar ƙarfe mai dunƙulen icce a kai. Guda 3 kacal. Ya ɓata rai, ya ce: "Kaka, wannan ai ba ta kashe komai." Tsohon ya ce: "Tana kayar da kurciya. Tana kuma fasa idon mutum, kada ka raina ta."

Shekarar farko ba su shiga daji ba. Fasasshiyar ƙwarya aka jingina a jikin suri, nesa da hanyar rijiya. Taki 5 aka fara. Sai ya sami ƙwaryar sau 3 a jere kafin a ƙara taki. Daga 5 zuwa 10, daga 10 zuwa 15. Ranar da babu lakwal suke fita, da hantsi. Kafin kowane halbi kakan na yi masa tambaya ɗaya: "Mene ne a bayan ƙwarya?" Yaron ya ce suri. "A bayan suri fa?" Sai ya ɗaga kai ya duba. Wata rana ya ga jaki, wata rana yarinya da tulu. In ya ga wani abu, sai ya sauke baka. Haka nan an hana shi halba sama, don komai nisan jifa ƙasa zai faɗo, kuma ba ya zaɓen kan da zai faɗa wa.

Amfanin wannan tambaya ya fito a kakar da ta biyo. An saki gonaki, makiyaya sun shigo da bisashe suna cin kara. Wani yaron unguwa, ɗan shekara 11, ya hangi motsi a cikin sabara. Ya zaci zomo ne, ya saki kara mai ƙusa. Ashe tunkiyar wani Bafillace ce mai ciki, ƙusa ta shige ta a ciki. Kafin azahar samarin ruga sun taru da sanduna, samarin gari su ma sun fito. Maigari ya aika aka kira tsohon, don shi ya san kibiyar kowa. Ya duba karan, ya faɗi gidan da ya fito, bai ɓoye ba ko da yake uban yaron maƙwabcinsa ne. Suka tafi ruga su uku da maigari. Tsohon ya ce: "Ardo, laifinmu ne. Yaro ne, amma namu ne. Faɗi abin da za a biya." Arɗon ya ce: "Baba, tunda kai ka tako da ƙafarka, magana ta yi sauƙi." Aka yanka tunkiyar, aka biya kuɗinta, samari suka watse.

Wani zai ce tunkiya ɗaya ce ake wannan dogon zance. To, mutanen ƙasar Gidan Rumji ba su manta da Toda ba. A 1991 rigimar manoma da makiyaya ta ci rayuka fiye da 100 a can, yawancinsu mata da yara. Ba kibiyar yaro ta tayar da waccan ba, amma tun daga ranar duk mai hankali ya san ba a barin ƙaramar wuta tsakanin gari da ruga ta kwana.

Dafi kuwa tsohon ko zancensa ba ya yi gaban jikan. Da ƴaƴan kwankwani ake dafa shi, a haɗa da wasu itatuwa, a bayan gari, inda yara da kaji ba sa zuwa. Yana shiga jini zuciya yake tsayarwa, bai san barewa ba bai san mutum ba. Kwarin da ke da kibau masu dafi yana rataye can sama a rufe, an ɗaure bakinsa. Duk gidan da ke da irin wannan kwari, a duba inda yake yau, kada a bari sai gobe. Ita ma ƙusa mai tsatsa tana da nata dafin. Tana kawo cutar nan mai sandarar da jiki ta ɗaure haƙora, wadda likitoci ke kira tetanos. Yaron da ƙusa ta soka, a wanke ciwon da ruwa da sabulu a kai shi gidan likita ranar, ko da ramin ƙarami ne.

Rigimar da ta fi damun tsohon a cikin gidansa take. Tun 2019 ƴan bindiga suka addabi bakin iyaka, dubban mutane suka gudo daga Sakkwato da Zamfara zuwa ƙasar Gidan Rumji, satar shanu da satar mutane suka tsallako. Uban yaron yana da shanun noma biyu, kuma yaron ke kai su kiwo. Wata rana da dare ya sami mahaifinsa ya ce: "Baba, shekara biyu ke nan yaron nan yana halbin ƙwarya. Ka ba shi kibiya ta gaske. Zamani ya lalace, ya kamata ya iya kare kansa." Tsohon ya daɗe bai ce komai ba. Can ya ce: "Kibiya ba ta tare harsashi. Yaron da suka gani da sanda, yaro suka gani. Wanda suka gani da kwari, abokin gaba suka gani. In sun zo, ya bar musu shanun ya gudu." Ɗan ya ce: "Baba, shanun nan su ne abincinmu." Tsohon ya ce ya sani. Aka tashi ba a shirya ba. Uban yana da hujja, wanda bai taɓa rasa sa a bakin damina ba ba zai gane zafin maganarsa ba. Amma gaskiya tana wajen tsohon.

Da suka fara shiga daji, abin da aka hana yaron halbi ya fi abin da aka yarda masa yawa. Ba a halbi da damina, lokacin ƙwai da haihuwa ne. Ba a taɓa macen da ke tare da ƴaƴa. Ba a taɓa shamuwa, ba a taɓa belbela mai bin shanu. Gwamnati ma tana da dokar farauta ta 1998, wadda ta jera namun da ba a kashewa ko kaɗan, kamar raƙumin dawa da jimina da giwa, kuma ma'aikatan gandun daji ke tsaronta. Tsohon yakan ba yaron labarin barewa da gada da ya halba yana saurayi a inda yau gonar gyaɗa ce. Ba ya ɗora wa fari da gatari laifin duka, yakan ce mahalba ma sun ci rabonsu sun ci na jikokinsu. Raƙumin dawa kuwa ko shi labari ya ji. Sai a 2018 aka ɗauko guda 8 cikin mota daga Kure aka kai dajin Gadabeji. Abin da ya rage wa yaron shi ne zomo, kurege, gafiya, fakara, da zabin daji in an yi sa'a.

A shekara ta uku tsohon ya je wajen maƙeri ya sa aka ƙera kibiya ɗaya, marar kunne, marar dafi. Ba a hannun yaron take kwana ba. A kwarin kakan take, sai sun fita bayan gonaki ya zaro ya miƙa masa, in za su koma gida ya karɓa. Fita huɗu yaron bai sake ta ba. Sau biyu nama ya tashi kafin ya kusa, sau ɗaya ya ja har kumatu sannan ya hangi mai kiwo a can baya ya sauke. A fita ta biyar ya kayar da zabo a taki 12. Aka gyara, aka ba kakarsa cinya, aka aika wa maƙerin ƙirji, sauran ya shiga miya. Uban ya ci, ya ce ta yi daɗi, sannan ya sake tayar da maganar kwari. Tsohon ya ce a bari sai yaron ya yi shekara 15. Da shamuwa ta iso, ya kwance tsarkiyar bakunan biyu, ya shafa musu mai, ya rataye su inda gara ba ta kaiwa, ya miƙa wa yaron hauya.