Sabuwar Wayata da Baƙaƙe Masu Lanƙwasa

Tun da wayar tafi-da-gidanka ta shigo Nijeriya a shekarar 2001, Hausa ta sha wuya a hannunta. Mutum zai so ya rubuta "mun yi baƙi", sai ya aika da "mun yi baki", mai karɓar saƙo ya yi ta laluben ma'ana. Bahaushen Kano ko Katsina ba ruwansa, domin kunnensa zai cike masa gurbin. Amma ni da na tashi a Bukan Sidi cikin garin Lafiya, inda ake yin Eggon a gida, a yi Hausa a kasuwa da makaranta, ba a nono na tsotsi wannan bambanci ba. A Hausarmu ta unguwa, kafa da ƙafa kusan duk ɗaya muke faɗa. A aji na koyi rarrabe su, kuma ta ido na fi riƙe su.

Saboda haka, ya kai mai karatu, da na haɗa 'yan kuɗaɗena na sayi waya mai fuskar gilashi wadda ake shafawa, ban damu da kyamara ba kamar abokaina. Na sa tsohon layina, wanda na riga na haɗa da lambar shaidar ɗan ƙasa kamar yadda gwamnati ta wajabta tun Disambar 2020. Na buɗe imel, na ɗora yatsa ta ɗauki zanensa, na sauke WhatsApp. Duk wannan bai ɗauke ni awa guda ba.

Inda na daɗe shi ne jerin harsuna. Na gangara a hankali har na ga Hausa, gabana ya yi sanyi. Na sake dubawa ko zan ga Eggon, babu. Na zaɓi Hausa, sai ga "Saituna" da makamantansu. Wasu kalmomin sun zauna daram, wasu kuwa ka ji su kamar rigar aro. Ina jin in malaminmu na fassara ya gani, sai ya nemi jan biro.

Sai allon rubutu. A cikin Gboard na ƙara Hausa, na danne "k" na ɗan jima, sai ga ƙ ta leƙo. Haka ɗ da ɓ. Wallahi na fi minti goma ina rubuta ƙusa, ɗaki, ɓarawo, ina sharewa, kamar yaron da aka saya wa sabon allo. Waɗannan baƙaƙe sun samu gindin zama a boko ne tun shekarun 1930, zamanin Rupert East a Zariya, kafin Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a 1939. Ashe sun fi shekara tamanin a takarda kafin su iso aljihuna. Har da ƴ ta mutanen Nijar na gani, inda mu muke rubuta 'y.

Saƙon farko ƙanwata na aika wa: "Ki gaida Baba, ki ce ƙafarsa da sauƙi?" Ta amso da cewa, "Yaya, wayarka ta lalace ne? Harafin k ɗinka ya karkace." Sai da na kira ta na yi mata bayani, kuma har yanzu da "kafa" take amsa mini.