Cikar arba'in ba ita ce warkewa ba

Mu matan bakin ruwa, daga Yelwa zuwa Wara har ƙauyukan Shanga, akwai wani ciwo da muka sani a jikinmu amma ba kasafai ake kiransa da sunansa ba. Mace ta haihu lafiya, an yi suna, an ci an sha, amma ita juyawa a kan gado ta gagare ta. In ta tashi sai ta dafa bango, in ta taka sai ta ji kamar ana raba ta biyu daga mara, tafiyarta ta koma ta agwagwa. Abin da za ta ji daga bakin mutane shi ne: "Raki ne, wa bai haihu ba?"

Ciwo ne na gaske, kuma yana da dalili. Ƙashin ƙugu ba dunƙule ɗaya ba ne. Ta gaba, a ƙasan mara, ƙasusuwa biyu sun haɗu da guringuntsi a tsakaninsu, ta baya kuma akwai gaɓoɓi biyu da suka riƙe ƙashin baya. Ratar da ke gaban ba ta wuce milimita 4 zuwa 5 ba. Da juna biyu jijiyoyi kan yi laushi, ratar ta ƙaru da milimita 2 ko 3 don jariri ya samu hanya. Wannan rahama ce ta Ubangiji. Amma in ta haura santimita 1, likitoci na ɗaukar cewa gaɓar ta rabu. Babban jariri, naƙuda mai wuya, danna ciki da ƙarfi ko ware ƙafafu fiye da kima duk suna iya jawo haka. Wata ma ratar ba ta kai nan ba, amma gaɓar ta saki, ciwon na nan.

Rayuwarmu kuwa ba ta raga wa irin wannan ƙugu. Tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968 tafki ya shimfiɗu, da yawanmu kwale-kwale ne hanyar kasuwa da ta asibiti. Shiga jirgi sai an tsaya da ƙafa ɗaya an ware ɗayar, abin da gaɓar da ta saki ta fi ƙi ke nan. Ga hawa gangaren bakin ruwa da jarka a ka, ga surfe da daka, ga durƙuso wajen gyaran kifi da tsinkar albasa, ga goyo. Ranar da aka cika arba'in duk waɗannan na jiranmu, kamar ƙashi ya san lissafin kwana.

Abin farin ciki, yawancin mata na warkewa cikin makonni ko 'yan watanni in an ba jiki dama. A kwanta ta gefe da filo tsakanin gwiwoyi. A haɗa gwiwoyi wajen juyawa da saukowa daga gado. A zauna kafin a sa siket ko wando. Ɗaurin da ke taimakawa shi ne wanda ya kama ƙasusuwan ƙugu ta ƙasa, ba wanda ya matse tumbi ba. Kada a kai ta wurin mai ɗori ya ja ko ya murɗa, wannan ba irin karayar hannu ba ce. Hoton ƙashi zai nuna girman ratar, masu gashin ƙashi kuma su koya mata motsa jikin da ya dace. Tiyata sai can ba a rasa ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a duba mai jego cikin awa 24 na farko, sai kwana na 3, sai tsakanin kwana 7 zuwa 14, sai mako na 6. Mu yi amfani da waɗannan ranaku mu faɗi inda ke mana ciwo, mu bar kunya a gida. In da zazzaɓi, kumburin ƙafa ɗaya, yoyon fitsari ko ƙafa ta mutu, babu jira: a nufi Babban Asibitin Yauri, in abin ya fi ƙarfinsu za su tura Birnin Kebbi.

Roƙonmu ga mazajenmu da iyayenmu surukai: in mai jego ta ce ƙugunta bai koma ba, ku yarda da ita. Ku ɗauke mata ɗiban ruwa da daka na wata biyu ko uku, ku riƙe mata hannu wajen shiga jirgi. Allah Ya ba masu jego lafiya, Ya raya abin da aka samu, amin.