Amsar da Na Bayar Ina Haki

Masu iya magana sun ce magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa. Na yi shekaru ina koyar da wannan karin magana a aji, ina fashin baƙinsa a kan allo, amma ban san nauyinsa ba sai a wata ƙasa mai nisa, a kan wata gada, ranar da na ce wa wani dattijo "to" alhali ban san abin da na amsa ba.

A watan Oktoba na shekarar 2018 na halarci wani kwas na makonni shida na ƙara wa malamai sani a birnin Luwibil da ke jihar Kentaki ta ƙasar Amurka. Aka sauke ni a gidan wani tsohon malamin sakandare da ya yi ritaya, shi da matarsa. Mutum ne dogo, siriri, shekarunsa sun doshi saba'in, amma in yana tafiya sai ka rantse saurayi ne. Tun daren farko ya tambaye ni ko ina motsa jiki. Na ce masa, "Jefi-jefi." Gaskiyar magana kuwa rabona da ko sassarfa tun ina ɗalibi. A wurinmu babban mutum ba ya gudu sai in wani abu ya biyo shi, kuma tun da na sami abin hawa, ko kasuwar da ke bayan gidana ba na zuwa da ƙafa. Kashegari ina idar da sallar asuba sai na tarar da shi a bakin ƙofa riƙe da takalman gudu na ɗansa, yana jira na.

Haka muka ɗauki al'adar fita kullum ban da Lahadi. Mukan je bakin Kogin Ohayo, mu hau wata tsohuwar gadar jirgin ƙasa da ake kira Big Four, wadda aka mayar da ita ta masu tafiyar ƙafa da keke. Mukan tsallaka zuwa jihar Indiyana mu dawo, tafiyar kimanin mil biyu. Shi yakan ƙara da ɗaga ƙarfe marar nauyi ran Talata da Alhamis. A kan hanya ba abin da muke yi sai hirar motsa jiki: wane takalmi ne ba ya cin diddige, me ke kawo ciwon gwiwa, ya kamata a karya kumallo kafin a fita ko sai an dawo. Daga bakinsa na fara jin cewa Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci baligi ya sami aƙalla minti 150 na matsakaicin motsa jiki a mako. Shi ne kuma ya gaya mini, yana dariya, cewa taku 10,000 da kowa ke fafutukar cikawa a rana ya samo asali ne daga tallar wata na'urar ƙidayar taku da aka yi a Japan a 1965, amma duk da haka shi ma ba ya kwanciya sai agogonsa ya nuna masa ya cika.

Na lura cewa irin wannan hira a wurinsu tana matsayin doguwar gaisuwarmu. Yadda muke tambayar gajiya da aiki da iyali ba don muna jiran a zayyana mana ba, haka su ma suke tambayar yanayi da wasanni da motsa jiki. Saboda haka sai na saki jiki, na riƙa amsawa da ka, da "haka ne", da "to", musamman da yake numfashina bai isa doguwar magana ba.

Ran Larabar mako na uku, muna hawan karkatacciyar hanyar da ke kai mutum kan gadar, ni kuwa ina haki kamar wanda ya yi dambe, sai ya shiga ba ni labarin 'yarsa. Ya ce ta taɓa shiga wani tseren miƙa-sanda na kimanin mil 200 da ake yi dare da rana a kan Hanyar Burbon. Sai ya juyo ya ce, "Af, ai ba ka ga Hanyar Burbon ba. Ran Asabar zan kai ka. Ka yarda?" Na ce, "To." Ba wai ban yi tunani ba sam. Na karanta tarihin Turai, na san Burbon sunan gidan sarautar Faransa ne, kuma an riga an gaya mini cewa sunan birnin Luwibil kansa daga Sarki Luwi na 16 aka samo shi. Sai na ɗauka tsofaffin gidajen tarihi za mu gani. Ashe na san asalin kalmar, abin da take nufi a bakin mutanen Kentaki ne ban sani ba.

Da daddare matarsa ta ajiye mini wata 'yar takarda mai hotuna a kan tebur, ta ce ga wuraren da za mu je. Ina buɗewa sai ga ganguna da kwalabe. Burbon dai wata barasa ce da ake yi da masara, Hanyar Burbon kuwa jerin masana'antunta ne da ƙungiyar masu wannan sana'a ta jihar ta tsara wa masu yawon buɗe ido tun 1999. Gabana ya faɗi.

Kwana biyu na yi ina saƙa da warwara. Kowane Musulmi ya san cewa hanin da aka yi a kan giya bai tsaya ga mai sha kaɗai ba, ya haɗa da mai yin ta da mai ɗaukarta da mai sayar da ita, har an hana zama a teburin da ake shan ta. A ɗaya gefen kuma ga haƙƙin mai masauki. Mutumin nan ya riga ya biya kuɗin shiga. Tun da na zo ban ga naman alade a gidansa ba, ban kuma ga ko kwalba ɗaya a kan teburinsa ba, na kuwa tabbata a raina saboda ni aka kawar da su. Zuciya ta kawo mini dabaru iri-iri. Ta ce in wayi gari ran Asabar in ce kaina na ciwo. Ta ce in bi shi kawai in yi shiru, wa ya san ni a nan? Da na duba sai na ga duk dabarun nan 'ya'yan "jefi-jefi" ɗin nan ne na daren farko, wato ƙaramar ƙarya da ake yi da sunan kara.

Ran Juma'a, da muka kai tsakiyar gada, na tsaya na dafa ƙarfe. Na ce, "Yallaɓai, akwai maganar da ya kamata in yi tun shekaranjiya. Lokacin da na ce maka to, ban san mene ne burbon ba. Addinina ya hana ni sha, ya kuma hana ni zama inda ake sha. Na ji kunyar gaya maka ne."

Ya yi shiru har na zaci ya ji haushi. Can sai ya ce, "Ka san shekara nawa rabona da ita? Tara." Ya ce mahaifinsa maƙerin ganguna ne, ya ƙare ƙarfinsa yana haɗa gangunan da ake zuba wannan barasa, kuma da kuɗin sana'ar aka yi masa karatu. Shi kuwa ya taso ya faɗa wa abin da ke cikin gangar, har ta kusa raba shi da matarsa da hantarsa. Da ya tashi dainawa, likita ya ce masa sai ya nemi abin da zai cike gurbinta. Abin da ya samu shi ne wannan gada. Ya ce, "Da kofuna nake ƙirgawa, yanzu taku. Ina kai baƙi can ne don su ga aikin hannun mahaifina, amma duk lokacin da aka zo ɗakin ɗanɗanawa sai in ji kamar in gudu." Ashe teburin nan da na ga babu kwalba, tun kafin in zo haka yake.

Ya ce in na fi so mu fasa, mu je cibiyar tunawa da Muhammad Ali, ɗan damben nan haifaffen birnin. Na ce wannan ma za mu je, amma ina son ganin sana'ar mahaifinsa, da sharaɗin ba zan shiga ɗakin sha ba. Ya ce, "Mu biyu ke nan."

Ran Asabar muka nufi wajen garin Bardstown, kudu da Luwibil, muna ratsa gonakin masara da makiyayar dawaki. A masana'antar da muka shiga, jagoranmu ya bayyana cewa doka ce ta ƙayyade abin da za a kira burbon: dole a yi shi a Amurka, masara ta kai aƙalla kashi 51 cikin ɗari na hatsin, sa'an nan a ajiye shi a cikin sabuwar gangar itacen ok wadda aka babbake cikinta da wuta. A 1964 majalisar dokokin ƙasar ta ayyana shi a matsayin abin da ya keɓanta ga Amurka. Ana niƙa masara, a haɗa da sha'ir da aka tsirar da wani hatsi dangin alkama, a dafa, a zuba yis, a bar shi kwanaki yana tafarfasa da kansa a cikin manyan kwatarniyoyi. Warinsa ya tuna mini da ƙullun koko da ya kwana biyu. Daga nan a tace shi ta hanyar tururi a cikin wata doguwar tukunya ta jan ƙarfe, ya fito fari kamar ruwa. Dusar da ta rage manoma ke kwashewa su ba shanu.

Wurin ganguna ne mai masaukina ya karɓe bayani daga hannun jagora. Ya shafa jikin wata, ya nuna mini cewa babu ƙusa babu gam a tsakanin katakon, ƙwarewar fiƙa da matsin zoben ƙarfe kaɗai ke hana lita 200 zuba har tsawon shekaru. Muryarsa na rawa yake maganar. Ana jera gangunan a cikin wasu dogayen rumbuna masu hawa-hawa. In zafi ya zo ruwan ya shige cikin katako, in sanyi ya zo ya fito, da haka yake samun launinsa ja. An ce mana gangunan da ke kwance a rumbunan Kentaki sun fi mutanen jihar yawa. Wani kaso yana bin iska kowace shekara, suna kiransa "rabon mala'iku". Da na ji wannan suna na yi istigfari a zuciyata. Wannan tururi ne kuma ke ciyar da wata baƙar gansakuka da na gani ta rufe itatuwa da bangayen da ke kewaye.

Da aka zo ƙarshe, sauran baƙi suka shige ɗakin ɗanɗanawa, mu kuwa muka fita waje muka zauna a kan benci da gorar ruwa. A nan ya gaya mini cewa jayayya a kan giya tsohuwa ce a ƙasarsu. Daga 1920 zuwa 1933 tsarin mulkin Amurka ya haramta yin ta da sayar da ita. Wata mata mai suna Keri Neshan, wadda ta yi suna wajen farfasa mashaya da gatari, a Kentaki aka haife ta a 1846. A jihar da ta fi kowace yin burbon kuma akwai yankunan da mazaunansu, galibi Kiristoci masu riƙo da addini, suka hana sayar da giya ta hanyar ƙuri'a. Da hira ta ƙare ya duba agogonsa ya ce saura taku 3,000. Muka tashi muka yi ta zagaya filin ajiye motoci har sauran suka fito.

Bayan na dawo gida na ba wani abokina malami wannan labari. Ya ce da shi ne ko ƙofar wurin ba zai taka ba. Ban yi masa musu ba, domin maganarsa tana da hujja, kuma har yau ban ce abin da na yi shi ne daidai ba. Abin da na tabbata da shi ɗaya ne: da na bi shawarar zuciyata na ce kaina na ciwo, da na bar gidan dattijon nan ban san shi ba, shi ma bai san ni ba, kowannenmu yana yi wa ɗan'uwansa kara a kan abin da babu shi. Kara ɗabi'a ce mai kyau da muka gada, amma tana da iyaka, iyakarta kuwa ita ce inda za ta sa mutum ya faɗi abin da ba haka yake ba.

Wannan ya canza yadda nake koyarwa. Sau nawa malami kan gama bayani ya ce, "Kun gane?" aji duka ya amsa, "Mun gane"? Yawancin masu amsawar nan haki suke yi kamar yadda na yi a kan gada, suna jin kunyar tsayar da babba. Wani kuma ya san kalmar a littafi, sai ya ɗauka ya san abin da ake nufi. Tun daga lokacin na daina karɓar "to" daga bakin ɗalibi sai ya maimaita mini da kalmominsa abin da ya amsa. Ina kuwa shawartar duk mai shirin riƙe alli ya gwada hakan tun daga makon farko na koyarwar gwaji, zai sha mamakin abin da zai ji.

Takalman nan kuwa dattijon ya ce in taho da su. Ranar da na fara fita da su bayan sallar asuba, maƙwabta uku ne suka tare ni suna tambayar ko lafiya. Na ce musu lafiya lau, na kuma tsaya na yi musu bayanin minti 150. Yanzu biyu daga cikinsu tare muke fita, na ukun kuwa kullum yakan ce mini "to, sai gobe".