Injin da Aka Ɗora wa Laifin Giya

Kun taɓa lura cewa ba a tura mota mai giyar otomatik don ta tashi? Idan batirin motar manuwal ya mutu, sai yaran unguwa su taru a bayanta, direba ya sa giya ta biyu, ya saki kulochi, inji ya kama. Amma otomatik ko ku ashirin ne kuka tura ta har bakin kasuwa, gumi kawai za ku sha. Dalili shi ne a cikin giyabos ɗinta akwai famfon mai, inji ne ke juya shi, kuma sai ya tura mai da ƙarfi sannan giya ke kamawa. Inji bai tashi ba, famfo ba ya juyawa; famfo bai juya ba, babu abin da ya haɗa tayoyi da inji. Wannan famfo, da faɗinsa bai wuce murfin tukunya ba, shi ya kusa zubar da sunan kawuna a garejinsa da ke Kano, a dogon hutun da na gama aji biyu na babbar sakandare.

Aikina a garejin bai wuce wanke kayan inji da miƙa sifana ba, sai kuma ido da nake zubawa. A lokacin ne wani dattijo, malamin makaranta da ya yi ritaya, ya kawo injin Camry ɗinsa mai lita 2.2, wanda ake kira 5S-FE, a bayan a-kori-kura. Da kuɗin sallamarsa ya sayi motar, da ita kuma yake jigilar 'yan makaranta safe da rana, abincin gidansa ke nan. Ita motar tana wani gareji inda ake canja mata giyabos, injin kaɗai aka kawo mana saboda hayaƙi da shan mai. Kawu ya kwance shi kaf, ya sa sababbin ringi da metal da gasket. Da ya gama sai ya ɗora sifana a kan notin fuli ya ce in juya. Na juya da hannu ɗaya, ya tafi sumul. Aka ɗauke inji aka mayar can don a haɗa shi da giya.

Bayan kwana uku sai ga motar an jawo ta da igiya. Malam ya fito ransa a ɓace.

"Oga, amana na ba ka. Ga shi an ce injin da ka ɗaura ya cije, ko motsi ba ya yi. Batir biyu aka haɗa masa, kik sai ƙara yake yi. Saura mako biyu a koma makaranta, kuma iyayen yara sun riga sun biya ni kuɗin zango."

"Malam, ka yi haƙuri ka zauna," in ji Kawu. "Idan laifin aikina ne, ni zan sake shi, ba za ka ƙara ko kwabo ba. Amma bari mu fara tambayar ƙarfen."

Ku sani, a unguwar makanikai labari ya fi mota gudu. Kafin azahar maƙwabtanmu sun fara leƙowa, kowa da fatawarsa. Wannan ya ce metal aka matse fiye da kima, wancan ya ce ringi ne ba su dace ba, a sauke inji a sake buɗewa. Kawu bai tanka wa kowa ba. Ya gwada sifana a kan fuli, inji ya ƙi gaba ya ƙi baya. Sai ya kewaya notocin da suka ɗaure giyabos da inji, ya sassauta kowanne kamar juyi uku. Muna tsaye muka ga giyabos ya ja baya da kansa, 'yar tsaga ta buɗe tsakaninsa da inji, kamar mutumin da aka sakar wa wuya. Kawu ya miƙo mini sifana ya ce, "Ɗana, sake juyawa." Inji ya juya.

Har yau ban ga dabarar da ta fi wannan burge ni ba, kuma ba a kashe ko sisi a kanta ba. Abu biyu aka haɗa, matsala ta ɓullo. Inji shi kaɗai yana juyawa, da giya a jikinsa ba ya juyawa. Ashe ciwon a mahaɗa yake. Da an bi shawarar 'yan kallo, da an ɓata kwana biyu da sabon gasket ana neman cuta a jikin mai lafiya.

To me ke a mahaɗar? A motar manuwal kulochi ne. A otomatik kuwa wani tulun ƙarfe ne da ake kira tok-kambata, kamar ƙwarya biyu da aka kife wa juna aka liƙe, cike da mai. Idan kuna son gane aikinsa, ku ajiye fanka biyu suna fuskantar juna, ku kunna ɗaya. Iskarta za ta juya ɗayar ko da ba a jona ta da wuta ba. Haka abin yake a cikin tulun, sai dai mai ne a madadin iska: fankar da inji ke juyawa tana watsa mai, man ya juya fankar da ke haɗe da giya. Akwai ta uku ƙarama a tsakiya da ke karkato da man da ya dawo don ya ƙara ƙarfin tashi. Saboda ba ƙarfe ne ya riƙe ƙarfe ba, direba zai iya taka birki a danja giya tana kan D, inji bai mutu ba. Wani injiniyan Jamus, Hermann Föttinger, shi ya yi rajistar wannan fasaha a 1905, kuma jiragen ruwa ya yi wa ita. Sai a 1948 kamfanin Buick na Amurka ya sa ta a motocin hawa.

Tulun yana da wuya a bayansa wanda ke shiga cikin giyabos, kuma hawa uku yake yi kafin ya zauna. Na farko ya kama haƙoran sandar da ke kai juyi cikin giya. Na biyu ya kama haƙoran da ke riƙe ƙaramar fankar tsakiya. Na uku, wanda shi ne mai wuyar sha'ani, tsagogi biyu da ke bakin wuyan su faɗa daidai kan 'yan kunnuwa biyu na famfon mai. Wannan hawa na uku shi ne ba a samu ba a motar Malam. Da muka sauke giyabos sai muka tarar tulun yana ɗaure a jikin farantin inji. Wanda ya yi aikin ya bi tsarin da ya saba a manuwal, inda ake fara ɗaure kulochi a jikin fulawul sannan a turo giyabos. A otomatik akasin haka ake yi: tulu cikin giyabos yake fara zama. Da giyabos ya ƙi ƙarasowa, saura 'yar tazara, sai aka jawo shi da ƙarfin notoci. Wuyan tulu ya danne famfo, tulu ya danne faranti, faranti ya tura karanshaf gaba, komai ya cije.

Ni dai a ganina wannan ba mugunta ba ce, kuma ba lalaci ba ne. Yawancin ogogin da suka koya wa na yanzu aiki a kan Fijo da tsofaffin motocin manuwal suka girma, hannu kuwa abin da ya saba shi yake yi. Amma noti ba a yi shi don jawo giyabos ba. Idan komai ya zauna daidai, da hannu ake tura giyabos ya hau 'yan turakun ƙarfe biyu da ke jikin inji, fuska ta haɗu da fuska, sannan a ɗaure.

Ɓarnar ta tsaya a famfo: kunne ɗaya ya karye, ɗayan ya tsage. Abin da ya fi tayar wa Kawu hankali shi ne karanshaf, domin akwai siraran metal da ke hana shi zamewa gaba da baya, kuma irin wannan danniya tana cinye su. Ya kafa agogon awo, ya tura karanshaf da ƙarfe gaba da baya. Wasan da aka yarda da shi a wannan inji bai kai sulusin milimita ba. Allura ta tsaya a cikin iyaka. Da injin ya yi kuskuren tashi a haka, da wani zancen ake yi.

Washegari aka samo famfo na hannu a Ƙofar Ruwa, da sabon sil. Kawu ya zuba man giya kamar lita ɗaya a cikin tulu, ya shafa kaɗan a wuyansa, ya ce ni zan sa. Tulun yana da nauyi, kuma dole ka tallabe shi kana juyawa kana turawa a hankali. Na ji ya faɗa sau ɗaya. Na ci gaba, ya sake faɗawa. Daga nan ya tsaya, na yi ta juyawa hannuna yana rawa, kamar ya gama shiga. Kawu ya ce, "Kar ka yarda da shi, ci gaba." Can sai na ji ƙwas, ya nutse ciki sosai. Duk da haka sai da ya gitta rula a bakin giyabos ya auna zurfin da tulun ya shiga, don kunne yana iya ruɗin mutum.

Da aka haɗa, giyabos ya manne da inji ba gardama. Kafin a ɗaure tulu da faranti, Kawu ya zura yatsa ta ƙasa ya juya tulun, yana yawo abinsa, da 'yar tazara ta milimita kaɗan tsakaninsa da faranti. Wannan tazara ita ce shaidar cewa babu abin da ke danne wani. Sannan ya jawo tulun gaba, ya sa notocinsa duka da hannu kafin ya matse ko ɗaya.

Sauran aikin bai ɗauki lokaci ba. Mun wanke bututun da ke kai man giya cikin lagireto ya huce, don kada ɓurɓushin tsohon giyabos ya dawo cikin sabo. Mun zuba jan mai na otomatik, aka tayar da inji, aka bi da giya ta kowane harafi, sannan aka duba geji inji yana aiki, mota a kan P a daidaitaccen wuri, domin idan inji a kashe yake gejin ƙarya yake yi.

A gwajin farko giya tana jinkirin canjawa, kuma idan ta canja sai ta yi fizga. Malam, da ke zaune a gaba, ya dubi Kawu. Kawu ya faka a gefen titi ya buɗe bonet. A wannan giyabos akwai waya da ta taso daga totur, ita ke gaya wa giya yadda direba ya taka, kuma an ja ta ta yi tsauri. Ya sassauta noti biyu, ya daidaita ta da alamar da ke jikinta, muka sake hawa titi. Ta ɗaya, ta biyu, ta uku, ta huɗu, kowacce ta shiga ba a ji ba. Malam ya karɓi makullinsa ranar Alhamis, ranar Litinin aka koma makaranta.