Ƙasar da Ake Koya wa Tsofaffi Magana

Da na dawo daga Japan, duk wanda ya zo yi mini barka da sauka a Bukkuyum labarin jirgin ƙasarsu yake tambaya. Na shige shi kuwa, daga Tokyo zuwa Nagoya, wajen kilomita 350 cikin sa'a ɗaya da minti arba'in, shayin da ke gabana ko tangaɗi bai yi ba. Amma abin da ke dawo mini in na kwanta da dare wani ɗan ɗaki ne mai shimfiɗar tabarma, da wani tsoho yana kokawa da kalma ɗaya.

Kwas na ma'aikatan lafiya ya kai ni, a watan Satumba na 2023. Ƙasa ce ta masu furfura: kusan 29 cikin 100 na mutanenta sun kai shekara 65. Litinin ta uku a Satumba hutu ce don girmama tsofaffi, kuma a wannan shekarar aka sanar cewa waɗanda suka cika shekara 100 sun haura 92,000.

Wata safiya a Nagoya aka haɗa ni da tafinta da wata malamar gyaran magana, muka bi ta gidan wani dattijo da ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Ta tuɓe takalmi a ƙofa, ta durƙusa har idonta ya yi daidai da nasa, ta fiddo kati mai hoton kifi. Tsohon ya dubi katin, leɓɓansa suka motsa, ba abin da ya fito. Matarsa ta buɗe baki za ta taimaka, malamar ta ɗan ɗaga mata hannu. Ɗakin ya yi tsit. Na ƙirga a zuci har talatin. Sannan malamar ta ba shi kan kalmar a hankali, "sa", sai ga shi ya ƙarasa, "sakana", wato kifi. Matar ta sa gefen rigarta ta share ido.

Tafinta ya bayyana mini cewa hankalin mutumin lau yake. Ya san kifi, ya san ɗanɗanonsa, hanyar da ke ɗauko sunan ce ta toshe. A wurin yawancin mutane ma'ajiyar magana a ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa take, wanda kuma shi ke juya ɓarin jiki na dama, shi ya sa shanyewar dama kan tafi da harshe. Tun 1861 wani likita a Faransa, Paul Broca, ya nuna haka a kan majinyacin da ba ya iya furta komai sai "tan". Kafin mu tashi malamar ta ɗauko wata waƙa ta ƙuruciyarsu, tsohon nan da ya sha wuya kan kalma guda ya bi ta tiryan-tiryan har ƙarshe.

Nan jikina ya yi sanyi, don Baba na tuna.

Hatsi yake saye da sayarwa a kasuwar Nasarawar Burkullu, mutum mai murya, wanda ake kira in za a raba gardama. Hawan jini ya kayar da shi wata asuba, baki ya karkace. Muka kai shi Sakkwato, ya dawo yana takawa da sanda, amma babu magana. Wasu suka ce iska ce ta taɓa shi. Aka yi tofi, aka sha rubutu. Abin da ya ɗaure mana kai, in ya tayar da salla sai ya karanta Fatiha daga farko har ƙarshe ba gargada. Rahamar Allah ce, babu shakka, kuma sai a Nagoya na gane cewa ƙofa ce da masu wannan sana'a ke bi su shiga: abin da baki ya saba maimaitawa yakan tsira, daga nan ake jawo sauran kaɗan-kaɗan. Mu kuwa don tausayi muka riƙa amsa masa. Masu dubiya su zauna gabansa su tambaye mu, "Yaya mai jiki?" yana ji, yana kallonsu. Shekara biyu ya yi a haka.

Akwai kuma haɗiya, wadda ita ma aikin waɗannan malaman ce. Na ga malamar ta zuba wani farin gari a ruwan shan tsohon nan mai katin kifi, ta dama har ya yi kauri kamar koko. Tsinkakken ruwa gudu yake yi, yakan riga maƙogwaro rufewa ya faɗa hanyar numfashi, mutum ya ƙware, a kwana a tashi ya zama ciwon huhu. Ta zaunar da shi a miƙe, haɓa a sunkuye kaɗan, cokali ɗaya sai ya haɗiye kafin na biyu, ta kuma ce kada ya kwanta sai bayan rabin sa'a, a wanke masa baki. Baba ya sha ƙwarewa da ruwa, mukan ba shi yana kishingiɗe, kuma tari da zazzaɓi ne ajalinsa. Allah ya jiƙan sa.

A wata cibiya da tsofaffi ke wuni na ga abin da ban taɓa gani ba: mutum wajen talatin, wasu a keken guragu, suna ɗaga murya tare kafin abincin rana, "pa, ta, ka, ra". Ta farko leɓɓa take motsawa, ta biyu kan harshe, ta uku tushensa, ta huɗu naɗe shi. Kamar makarantar allo, sai dai ɗaliban duk kakanni ne.

Ba da ka suka yi abin ba. A 1997 Japanawa suka kafa dokar sana'ar gyaran magana, aka fara jarrabawarta ta ƙasa a 1999. A 2000 suka soma inshorar kula da tsofaffi: kowa ya kai shekara 40 yana zubi, in ya tsufa ya buƙaci a zo masa gida, yawanci kashi 10 cikin 100 na kuɗin kawai zai biya. Duk da haka na shiga gidajen da tsohuwa ke zaune ita kaɗai, in malama ta tafi ba mai ce mata uffan sai talabijin. Mu a nan gida ɗaya sai ka sami baki ashirin. Mutanen muna da su, sanin yadda za a yi ne ya yi mana ƙaranci.

Yanzu akwai gwaggona da irin lalurar Baba ta sama bara, tana shan maganin hawan jininta, ana kai ta ganin likita. Na tara jikokinta na hana su amsa mata. Bayan la'asar mukan zauna a inuwar darbejiya, in ɗaga moɗa in ce, "Gwaggo, mene ne a ciki?" Sai mu yi shiru, har ƙaramar cikinsu ta koyi rufe bakinta da hannu. Wata rana kalmar ta zo, wata rana ta ƙi. Ran Juma'ar da ta wuce ta dubi moɗar ta ce "ruwa", ta huta, sannan ta ƙara da cewa, "Ba ni."