Ga Matasan da Za Su Bar Gida

'Ya'yana, yawancinku a cikin ikkilisiya kuka buɗe ido. Iyaye ne suka riƙe hannunku zuwa makarantar Lahadi, su ne suke tashe ku addu'ar asuba. Yanzu ga jami'a, ga bautar ƙasa, ga neman aiki a Kaduna ko Abuja, inda ba mai ƙwanƙwasa muku ƙofa ran Lahadi.

Nakan tuna da Timoti. Kakarsa Loyis da mahaifiyarsa Afiniki masu bi ne, amma Bulus bai bar shi ya jingina da gadonsu kaɗai ba, sai da ya gargaɗe shi ya rura tasa baiwar. Haka ku ma.

Da kun sauka a sabon gari, ku nemi majami'a tun makon farko, kafin kasala ta yi muku shimfiɗa. Kada ku zauna a bencin baya ku sulale ana gama albarka. Ku tsaya ku gaisa, ku shiga mawaƙa ko zumuntar matasa, a san sunanku. Ranar da zazzaɓi ya kwantar da ku a ɗakin haya, waɗannan ne za su zo da kunu.

Littafi Mai Tsarki kuwa, tun 1932 muke da shi cikakke da Hausa, yau ga shi har a wayoyinku. Ku karanta sura guda kafin ku leƙa WhatsApp. Bashi kuma, ku ji tsoronsa, musamman na biki. Na ga gidajen da ya hana su barci shekaru bayan an watse.